Bikin ƙarshen shekarar karatu: wa za a yaba, wa za a gode wa?

Maman Uku:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Saura 'yan makonni a rufe shekara a makarantar su yarana, an kuma saka ni cikin kwamitin iyayen da zai shirya taron ranar ƙarshe tare da malamai. Da muka zauna, tsarin da aka kawo shi ne wanda aka saba: shugaban makaranta ya yi jawabi, babban baƙo ya yi nasa, a kira na ɗaya da na biyu da na uku na kowane aji a ba su kyauta, a ɗauki hoto, a watse. Ni dai raina bai kwanta ba. A aji mai yara arba'in, uku ne za su miƙe, sauran su wuni suna tafi. Malaman da suka sha ɗawainiyar shekara guda kuma sai a dunƙule su a jimla ɗaya, "muna godiya ga malamanmu", shi ke nan. Don Allah malamai da iyaye, yaya kuke ganin ya kamata a yi?

Baban 'Yan Biyu:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ni ban ga laifin tsarin ba. Yaron da ya hana idonsa barci ya ɗauko na ɗaya, haƙƙinsa ne a kira sunansa a gaban jama'a. Sauran in sun gani su ma sai su zage damtse baɗi. Gaba ai jarrabawa ce ke jiransu, can kuma babu mai tausaya wa kowa.

Malam Mai Lissafi:
Alhaji, ba na jayayya da cewa a karrama wanda ya yi fice. Amma bari in faɗa maka abin da mu masu tara maki muke gani. Sau da yawa tsakanin na uku da na huɗu rabin maki ne. Ɗaya ya hau dandamali, ɗaya ya koma gida kamar bai yi komai ba. Akwai kuma yaron da ya fara shekara ba ya iya raba lamba biyu, ya gama yana warware lissafin da ke da saura. A takardar sakamako shi ne na ashirin da wani abu, amma ni na san babu wanda ya kai shi tafiya a ajin.

Sannan yadda ake yabon ma abin dubawa ne. A 1998 wasu masu binciken halayyar ɗan Adam a Jami'ar Columbia ta Amurka, Claudia Mueller da Carol Dweck, sun gwada yaran aji biyar. Bayan yaran sun yi wani aiki, wasu aka ce musu lallai kuna da basira, wasu aka ce lallai kun yi ƙoƙari. Waɗanda aka yaba wa basira, da aka ba su zaɓi sai suka fi karkata ga aiki mai sauƙi don kada su kunyata, da suka haɗu da mai wuya kuma suka fi saurin karaya, har wasunsu suka ƙara wa kansu maki da aka tambaye su nawa suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari su suka fi dagewa. To ka ga ko shi na ɗayan, in abin da za a faɗa a kansa kawai "haziƙi ne, Allah ya ba shi ƙwaƙwalwa", ba lallai ne an taimake shi ba.

Baban 'Yan Biyu:
To Malam, kowa a ba shi kyauta ke nan? In kowa ya samu ai ta tashi daga kyauta. Yara ba wawaye ba ne, sun san wadda aka ci da gumi da wadda aka bayar don rarrashi.

Malam Mai Lissafi:
Nan kam muna tare, Alhaji. Ban ce a ƙirƙiro wa yaro abin da bai yi ba. Cewa na yi a faɗaɗa abin da ake dubawa. Wanda ya fi kowa ci gaba daga zango na ɗaya zuwa na uku, wannan a rubuce yake, maki ne zai nuna. Wanda bai yi fashi ba duk shekara, rajista ce shaida. Duk gumi ne.

Malamar Aji Biyu:
Na fashin nan a yi hattara da shi, Malam. Mai ciwon sikila ko asma ba da son ransa yake kwana asibiti ba. Kuma na ga iyayen da suka turo yaro da zazzaɓi don kada kyautar ta kuɓuce masa.

Malam Mai Lissafi:
Gaskiyarki Malama. A bar wannan, ko a ce fashin da babu uzuri kaɗai za a lissafa.

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma na ji daɗin yadda kuke magana da mutunci. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita, don wannan rana na shirya ta shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki.

Maganar kyaututtuka ba ita ce ta fi damuna ba. A ba na ɗaya nasa, a ƙara da wanda ya fi ci gaba, an gama. Abin da na ga ana mantawa shi ne ranar ba ta jarrabawa ba ce. Jarrabawa an riga an yi ta, an maka, an rubuta. Ranar ta mutanen da suka yi shekara guda tare ce, suna ganin juna kullum tun safe, yau kuma za su rabu. Wani malamin ba zai sake koyar da waɗannan yaran ba har abada. Wani yaron iyayensa za su tashi. Idan aka tashi taro babu wanda ya dubi wani ya ce na gode da abu kaza da ka yi mini, to an yi taro amma ba a rufe shekara ba.

Kuma godiyar nan akwai inda take tsayawa kullum ba ta ƙarasa ba. Malamin ajin ƙarshe shi ake gani, domin a hannunsa yara suka fita. Malamar aji ɗaya da ta riƙe hannun yaro ta koya masa riƙon fensir, ta share masa majina, ta jure kukansa na makon farko, ba mai tunawa da ita, alhali duk abin da ya karanta daga baya a kan aikinta ya hau. Maigadi ya san fuskar kowane yaro da ta wanda ke zuwa ɗaukarsa, ya sha tsayawa da yaro har magariba don an makara. Mai shara tana wanke banɗakin da yara ɗaruruwa suka shiga. Direba yana ɗauke da rayuka safe da rana. Ni a lokacina sai na kira su ɗaya bayan ɗaya da sunansu, su fito gaba, yara su miƙe tsaye. Na ga dattijon da ya zubar da hawaye, ya ce tun da ya kama aiki ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba sai in ana nemansa ya buɗe ƙofa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi a wurina: yaron da zai maimaita aji. Don girman Allah kada ya ji labarin a ranar taro. A kira iyayensa tun mako guda kafin nan, a zauna a ofis, a faɗa musu dalili da abin da za a yi masa baɗi. Su kuma su faɗa masa a gida cikin lallami. Yaro ya buɗe takarda a tsakiyar abokansa ana murna ya ga an bar shi a baya, wannan ciwo ne da wasu ke girma da shi.

Maman Uku:
Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Baba. Wallahi maganar mai maimaita aji ko kusa ba ta zo mana a kwamiti ba. Zan kai ta.

Abban Marayu:
Baba ya taɓo inda ke min ciwo. Yaron ƙanena da nake riƙo bara aka ce ya maimaita, shekarar da mahaifinsa ya rasu. A filin taro ya sani. Kwana biyu bai yi magana da kowa ba. Ba zan kama sunan makarantar ba, amma abin bai yi daɗi ba.

Malamar Aji Biyu:
Allah ya jiƙan mahaifinsa, ya raya shi. Sannu Yaya.

Tunda an zo kan godiya ga malamai, bari in faɗi abin da abokan aikina da yawa ke jin nauyin faɗa. Kyautar da iyaye ke aiko wa malami ranar ƙarshe tana sa mu cikin wani hali. Yara suna kallo. Wannan ya kawo ƙunshi babba, wancan ya kawo ƙarami, wata ta zo hannu sake ta koma bayan aji ta sunkuyar da kai. Ni kuma dole in yi murmushi iri ɗaya ga kowa, alhali na san uwar yarinyar nan da ƙyar ta biya kuɗin zango. Akwai ma iyayen da ke kawo tasu tun kafin a gama maka takardu. Ko niyyarsu fari tas ce, zuciya ba ta rasa raya wa mutum wani abu.

In kun tambaye ni me nake so, takarda. 'Yar gajeriyar wasiƙa da yaro ya rubuta da hannunsa ko uwarsa ta rubuta, a faɗi abu ɗaya takamaimai. Wata uwa ta taɓa rubuto mini cewa ɗanta ya karanta mata rubutun jikin kwalbar magani da kansa. Har yau tana cikin jakata. Daga masu makaranta kuma, godiyar da ta fi kowace ita ce a biya albashin watan hutu a kan lokaci.

Hajiya Kaka:
'Yata, na ji uzurinki, amma ban yarda a hana kyauta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna. Mutum ya yi wa jikana hidima shekara guda, a ce in ba shi takarda kawai? Ina laifin in haɗa da ɗan abin da ya sawwaƙa? Malaman nan mun san abin da ake biyansu bai taka kara ya karya ba.

Mazaunin Ƙetare:
Wannan muhawarar wasu ƙasashe har doka suka yi a kanta. A Koriya ta Kudu akwai dokar hana karɓar na goro da ta fara aiki a watan Satumba na 2016, wadda ake kira da sunan Kim Young-ran, tsohuwar alƙaliyar kotun ƙoli da ta kawo shawararta. Dokar ta haɗa har da malaman makaranta, na gwamnati da na kuɗi. Malamin da ke ba yaro maki ba zai karɓi kyauta daga yaron ko iyayensa ba, komai ƙanƙantarta. Suna da ranar malamai, 15 ga Mayu, ko furen da aka saba bayarwa sai dai wakilin ɗalibai ya miƙa a bainar jama'a. Wasiƙar hannu kuwa ba a hana ba. Ban ce a kwaikwaye su ba, Hajiya, amma sun ga matsalar da Malama ta gani.

Hajiya Kaka:
To ai sai a gyara yadda ake bayarwa, ba a kashe alherin ba. A bari sai sakamako ya fita. Kuma kada a aiko ta hannun yaro a gaban 'yan uwansa. Iyayen aji su haɗa abin da kowa ya iya, ba a rubuta wa ya ba da nawa, a miƙa da sunan aji gaba ɗaya. Wanda bai da shi ya sa albarka.

Malamar Aji Biyu:
In haka ne Hajiya, na karɓa hannu bibbiyu. Amma a haɗo da wasiƙun.

Baban 'Yan Biyu:
Ni fa abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne bikin yaye 'yan nazare. Yaro ɗan shekara biyar a sa masa riga da hula irin ta masu digiri, a ce iyaye su biya. Me ya gama?

Maman Uku:
Alhaji kada ka ɗauke mu daga hanya. Amma dai ina bayanka, taron da zai sa wani uba cin bashi ko ya ɓoye ɗansa a gida ranar, bai kamata a kira shi na godiya ba.

Almajirin Malam:
Assalamu alaikum. Ina so in tuna mana tushen abin. Allah Maɗaukaki ya ce a Suratu Ibrahim, aya ta 7, idan kun gode lallai zan ƙara muku. Hadisi kuma ya zo a wurin Abu Dawud da Tirmizi cewa wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Ke nan biyun a haɗe suke. Yaro ya fita da safe ya dawo lafiya, kullum, har shekara ta zagayo, wannan kaɗai ni'ima ce da ba ma lissafawa. Ina ba da shawara a ware ɗan lokaci a taron a ambaci waɗanda aka fara shekarar da su ba a gama da su ba: wanda ya rasu cikin ɗalibai ko ma'aikata, a yi masa addu'a, kowa bisa addininsa. Da wanda rashin kuɗi ya cire shi. Wannan na biyun ba ambato kaɗai yake buƙata ba, kwamiti ya bincika ko akwai yadda za a yi ya dawo.

Tsohon Hedimasta:
Madalla da kai ɗana. Sai dai na biyun kada a kama suna a fili. A yi shi a ofis, rufin asiri ya fi.

'Yar Jami'a:
Iyayena da malamaina, ku yi haƙuri in sa baki a matsayin wadda ba ta daɗe da barin aji ba. Mu ɗalibai sau da yawa muna son mu gode, kunya ce ke hana mu. Sai ka ga kamar malamin zai ce me ya kawo wannan, ko ma bai tuna ka ba. Ashe ba mu kaɗai ba ne. A 2018 wasu masu bincike biyu, Amit Kumar da Nicholas Epley, sun sa mutane rubuta wasiƙun godiya, suka ce kowa ya yi hasashen yadda mai karɓa zai ji, sannan suka tambayi masu karɓar. Marubutan sun raina irin farin cikin da wasiƙar za ta kawo, sun kuma zata abin zai zama da nauyi fiye da yadda ya kasance. Masu rubutu suna damuwa da ko kalmominsu sun tsaru, masu karɓa kuwa zuciyar da aka rubuto da ita suke gani.

Akwai labarin da nake so ƙwarai. Albert Camus, marubucin Faransa da aka haifa a Aljeriya, mahaifinsa ya mutu a yaƙin duniya na ɗaya a 1914 yana jariri, mahaifiyarsa ba ta iya karatu ba, aikatau take yi a gidajen mutane. Malaminsa na firamare, Louis Germain, shi ya riƙa yi masa ƙarin darasi, ya je har gida ya shawo kan kakarsa ta bar shi ya zauna jarrabawar neman tallafin shiga sakandare maimakon a tura shi neman kuɗi. Da Camus ya samu kyautar Nobel ta adabi a 1957, cikin 'yan makonni ya rubuta wa wannan malami wasiƙa, ya ce bayan mahaifiyarsa shi ya fara faɗo masa a rai. Fiye da shekara talatin ke nan da barin ajinsa. Abin da nake tunani kullum shi ne malamai nawa ne suka rasu kafin irin wannan wasiƙa ta iso. Shi ya sa nake ganin a koya wa yara rubuta ta tun yanzu, a ƙarshen kowace shekara, tun malamin yana gabansu.

Malam Mai Lissafi:
Allah ya yi miki albarka ƙanwata. Kuma kada wani ya ce ai akwai Ranar Malamai ta Duniya, 5 ga Oktoba, da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta fara a 1994. Tana da amfaninta, amma ta malamai ce a dunƙule, kuma a wurare da yawa tana faɗowa ne shekara na farawa, yaro bai ma gama sanin malaminsa ba. Godiyar da ake yi wa mutum ɗaya a kan aiki ɗaya, ƙarshen shekara ne lokacinta. Ita UNESCO ɗin ce ta fitar da rahoto a 2024 cewa duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara, kuma babban ɓangare na giɓin na maye gurbin masu barin aikin ne. Wasiƙa ba za ta biya wa malami haya ba, na sani. Amma na ga abokan aiki da suka tafi, kuma ba kuɗi kaɗai suke ambata ba, har da cewa ba wanda ya san suna yi.

Maman Uku:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Mun sake zama jiya. An amince da kyautar ci gaba, da kiran ma'aikata da sunansu, da sanar da iyayen masu maimaitawa tun da wuri. Kyautar malamai za a yi ta yadda Hajiya Kaka ta ce. Inda muka cije shi ne jawabin babban baƙo. Ni na ce a rage shi a ba yara lokacin, shugaban makaranta ya ce ba a gayyato mutum a ƙayyade masa magana.

Tsohon Hedimasta:
Ana yi, 'yata, dabara ce kawai. A rubuta masa tun a takardar gayyata cewa minti goma aka ware masa saboda ƙananan yara. Sannan a ba shi aikin miƙa wa maigadi da mai shara takardun yabo da hannunsa. Zai ji an girmama shi, su ma haka. Kuma a fara da 'yan ƙananan azuzuwa a sallame su kafin rana ta take.

Baban 'Yan Biyu:
Duk na yarda. Amma ina nan kan bakana, a kira na ɗaya da babbar murya, kada a bi ta kansa a gurguje don ana tausayin wasu.

Malam Mai Lissafi:
Za a kira shi Alhaji. Sai dai a ce wani abu a kan yadda ya yi aikin, ba lambar kaɗai ba.

Maman Uku:
Malama, tambaya ɗaya ta rage. 'Yan aji ɗaya da nazare da ba su iya rubuta jimla ba, yaya za a yi da wasiƙarsu?

Malamar Aji Biyu:
Mai sauƙi ne Hajiya. A gida uwa ko yaya ta tambayi yaron, me malamarku ta koya maka da ka fi so, ko wace rana ce ta taimake ka. Abin da ya faɗa a rubuta shi yadda ya faɗa, kada a gyara masa magana ta koma ta manya. Shi kuma ya yi zane a ƙasa ya sa sunansa in ya iya. Gidan da babu mai rubutu, 'yan aji shida su zauna da ƙananan a makaranta su rubuta musu. A tattara a ofis kwana biyu kafin taron, a duba a tabbatar kowane malami da kowane ma'aikaci ya samu, don kada wani ya tashi da tari wani ya tashi babu ko ɗaya.